Ranar da Na Ɗora Baba a Tsohon Mashin

Lokacin da abin nan ya same ni ina da shekara arba'in da 'yan kai, ina zaune a Dutse Uku da matata da 'ya'yanmu da mahaifina. Sana'ata tuƙi ce tun ina saurayi. Na yi shekara goma sha biyar ina acaɓa a cikin Jos, da aka hana sai na koma keke mai ƙafa uku. A unguwa an san ni da haƙuri, har in faɗa ya tashi a tasha ni ake kira in raba. A lokacin ko sunana ban iya rubutawa ba. Yanzu ne nake zuwa ajin manya da yamma, kuma da hannuna na rubuta muku wannan wasiƙa, a hankali, cikin sati uku, don na gaji da riƙe maganar ni kaɗai.

Baba ya yi aiki a kamfanin kuza yana matashi. Ba haƙa yake yi ba, yaron gidan wani bature ne, kuma cikin aikinsa har da wanke mashin ɗin ogan, wani baƙin babur ɗan Ingila mai ƙara kamar ana buga ganga. Shekara bakwai yana goge shi kullum da safe, amma ko sau ɗaya bai taɓa ɗora jikinsa a kai ba. Tun muna yara muke jin labarin mashin ɗin nan, har muka haddace. Yakan ce duk mashinan da muke hawa yanzu gwangwanin madara ne da aka sa wa taya. Da ya tsufa, zuciyarsa ta fara ba shi wahala, ƙafafunsa suna kumbura, amma duk da haka da sandarsa yake takawa masallaci sau biyar, kuma ba ya yarda a riƙe masa hannu.

Wata rana na kai wata tsohuwa gida a Kabong da buhun dankali. Da na shigar mata da buhun, sai na hango wani abu a ɗakin kajinta an rufe da tsohuwar tabarma. Na ɗaga tabarmar. Irin mashin ɗin da Baba ke kwatanta mana ne, baƙi, tanki ya yi tsatsa, kaza ta yi ƙwai a inda fitila take a da. Maman ta ce na marigayi mijinta ne, 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe sun sha zuwa, ita kuma ba ta son a farfasa shi a kan sikeli. Ta ce in dai zan tashe shi ya yi tafiya, in ba ta abin da ya sauƙaƙa in ɗauka. Abin da na ba ta ko akuya mai kyau ba zai saya ba. Na ɗaure shi a keke na kawo gida. Baba ya fito ya gan shi a zaure. Ya cire hularsa, ya goge tankin da ita, sannan ya tambaye ni ko zai tashi. Na ce masa zai tashi, kuma shi ne mutum na farko da zan ɗauka a kai. Wannan alkawarin ne ya hana ni sukuni shekara biyu.

Makanikan zamani duk sun ƙi shi. Wani ya ce in kai shi gidan tarihi, wani ya ce in cire injin in sa na ɗan Caina in huta. Daga baya aka kwatanta mini wani tsohon bakanike kusa da Tina Junction, wanda ya koyi aiki a garejin kamfanin kuza. Ya zagaya mashin ɗin sau biyu, ya ce mini ɗana, ka sayo wa kanka mata ta biyu, kuma wannan ta fi ta gida son hidima. Ya yarda zai yi aikin in ni zan nemo kaya. Tunda ban iya karanta lambar da ke jikin ƙarfe ba, sai in ƙunshe abin da ya lalace a tsumma in bi wuraren 'yan gwangwan ina gwadawa da ido. Kafireta kaɗai ta ci mini wata biyar. Wani ƙarfen ba a samu ba ko'ina, sai da mai juya ƙarfe ya yanka mana sabo har sau uku kafin ya zauna. Matata takan ce ta ga ranar da zan shafa mata mai kamar yadda nake shafa wa wannan gawar. Ni dai in yi dariya in wuce.

A shekara ta biyu jikin Baba ya ƙara rikicewa. Sau biyu muna kwantar da shi a asibiti. Likita ya ja ni gefe ya ce zuciyar ta gaji, a dai lallaɓa shi. Daga nan hankalina ya tashi. Duk ranar da na dawo daga gareji Baba zai tambaye ni ko yau mashin ɗin ya yi tari, in ce saura kaɗan, shi kuma ya ce da alama shi da mashin ɗin tsere suke yi, a ga wanda zai riga wani. Yana faɗa yana dariya, ni kuwa in shiga ɗaki in rasa inda zan sa kaina. Na rage fita aiki, na koma zaman gareji, ina roƙon Allah kada ya ɗauki tsohon nan ban cika masa maganata ba.

Wata ranar Laraba da hantsi mashin ya tashi. Ƙarar ta sa masu sayar da kaya a bakin titi suka taru. Tsohon bakaniken ya bar shi ya yi zafi, sannan ya kashe, ya zaunar da ni a benci. Ya ce in saurara da kyau. Mashinan da na saba da su birkin ƙafa a dama yake, giya a hagu, haka ma birkin keken da nake ja a dama yake. Wannan kuwa a juye yake, birki a hagu, giya a dama. Na ce ai na sani, da hannuna na ɗaura su. Ya ce kaina ne ya sani, ƙafata ba ta sani ba, kuma ranar firgita ƙafa ba ta tambayar kai. Ya ce in kai shi filin ƙwallo in yi ta zagaye ni kaɗai har wata guda, kada in hau titi, kada in ɗauki ko kaza kafin nan. Na amsa masa da to.

Da na gaya wa Baba sai wata guda, ya dube ni ya ce wa ya yi masa alkawarin wata guda. Ya ce jibi Juma'a, yana so ya je masallaci a kai, abokansa su gani da idonsu. Na so in ƙi, bakina ya kasa. Ranar Alhamis na je fili na yi ta zagaye har azahar, kuma ko sau ɗaya ban yi kuskure ba. Na ce wa kaina mutumin da ya shekara ashirin da wani abu a kan titi ba ya bukatar wata guda. Ban koma wurin bakaniken na gaya masa ba, don na san abin da zai ce.

Ranar Juma'a Baba ya sa farar rigarsa, ya sa aka shafa masa turare. Muka ɗora shi, ya kama kafaɗuna, yara suna bin mu da ihu. Ina jin dariyarsa a bayan kunnena, yana cewa in ƙara wuta kaɗan, ba jana'iza za mu ba. Ban ƙara ba, a hankali nake tafiya. Muna gangarowa wajen Tina Junction sai wani mai keke a gabana ya ga fasinja, ya tsaya cak a tsakiyar hanya, irin tsayuwar da ni ma nake yi kullum. Kafin in yi tunani ƙafata ta dama ta taka da ƙarfi. Giya na taka. Mashin ya yi tsalle gaba, na karkatar da kai don kada mu shige bayan keken, muka faɗa kwata. Ni gwiwa kawai na goge. Baba yana kwance a gefen siminti, rigarsa ta jiƙe da ruwan kwata, yana kiran sunan Allah, ƙafarsa ɗaya ta juya waje.

A asibiti aka ce ƙashin ƙugunsa ya karye, kuma zuciyarsa ba za ta ɗauki aiki ba. Na durƙusa a gaban likita ina roƙonsa ya gwada, ya ɗaga ni ya ce in ya gwada gawa zai miƙo mini. Muka kira maɗori, ya duba ya ce wurin ba na ɗori ba ne. Na bi duk inda aka kwatanta mini mai magani, har ƙauyuka, ba a dace ba. Ƙanwata ta gaya mini a gaban mutane cewa na ɗauki tsohon da ke tafiya da ƙafarsa na mayar da shi kaya, kuma gaskiya ta faɗa. Tsohon bakaniken ya zo dubiya, ya gaishe da Baba, da zai fita ya tambaye ni kwana nawa na yi a fili. Na ce ɗaya. Ya sa takalminsa ya tafi.

Wata takwas Baba ya yi a kwance. Ni nake juya shi, ni nake masa wanka. Bai taɓa zagina ba. Wata rana ma ya ce baturensa da ke tuƙi da hannu ɗaya yana shan taba bai taɓa faɗuwa ba, amma ga ɗansa direban Jos gaba ɗaya ya kai shi kwata. Na fashe da kuka, ya ce in yi shiru, ai shi ya matsa, kuma ya yafe mini duniya da lahira. Amma duk lokacin da aka kira salla sai ya juya fuskarsa bango, yana jin takun abokansa suna wucewa ta ƙofar gidanmu. Bai sake taka masallacin nan ba. Da aka kai shi, a makara aka kai shi.

Na san kwana in ya ƙare ya ƙare, kuma likita ya riga ya faɗi halin zuciyarsa. Amma watannin nan takwas da ya yi a kwance, ni na jawo masa su. Na yi haƙurin shekara biyu da tsatsa, na kasa haƙurin wata ɗaya, saboda ina tsoron in ce wa mahaifina a'a. Mashin ɗin na bar wa bakaniken, ban tambayi inda ya kai shi ba.

Ina kira ga 'yan'uwana masu tuƙi da duk mai sha'awar tsoffin mashinan nan. In wanda ya girme ka a sana'a ya ce ka jira, ka jira, ko da kana ganin ka fi kowa iya hanya. Yawan shekarunka a titi ba zai cece ka ba, ni shi ne ma ya kayar da ni. Kuma in wanda kake ƙauna ya roƙe ka abin da ka san lokacinsa bai yi ba, ka daure ka ƙi, ko zai yi fushi da kai. Da na ƙi ranar nan, da Baba ya yi mini faɗa, ya ɗauki sandarsa, ya tafi masallaci da ƙafarsa.