Shekarar da Na Yi Shuka a Yamai

Karatuna a aji huɗu ya tsaya, kuma ba ƙwaƙwalwa ce ta gaza ba. Mushe, malaminmu na lakol, shi ne ya shigo ya iske ni gaban allo ina kwaikwayon tafiyarsa, ina tarinsa, ina jan kunnen wani daidai yadda yake ja, aji duka na birgima. Ya ce tunda na iya aikinsa, babu abin da ya rage ya koya mani. Na ɗauki wannan a matsayin takardar kammalawa, na koma gona. Wanda ya ga kuskure cikin rubutun nan ya san wanda zai kai ƙara.

Sai da furfura ta fara fito mani sannan wasu masu wayar da kai suka zo kasuwar Gangara da wasan kwaikwayo kan rigakafi. Suna neman tsoho mai taurin kai, kasuwa duka ta nuna ni. Da aka gama, babbansu ya riƙe hannuna ya ce irina a Yamai ya kamata a gan shi, cikin tele, wato talabijin. Yanzu na san haka yake gaya wa tsohon kowace kasuwa. A lokacin ban sani ba. Da aka ɗaure hatsi aka kai rumbu, na ɗaure kayana ni ma.

Rani shida na yi ina zuwa. Ina kwana kan buhunan albasa a shagon wani mutumin yankinmu, da rana ina sauke masa kaya, in an ji labarin za a ɗauki wasa in wanke rigata in tafi in tsaya. A shekaru shidan nan na zama mai wucewa ta bayan jarumi, na zama mai jiran likita bisa benci, na zama gawa sau biyu. A ta biyun har an yaba mani. Amma kalma ɗaya ba a taɓa sa wa bakina ba, ni da aka kora daga lakol saboda baki.

Dole in faɗi maganar gona, don ita ce maganar. Gonar da ubana ya bar mani kwari ya cinye ta, ruwa ya tsaga ta gida biyu ya tafi da ƙasar. Wadda nake nomawa ta aro ce, ta taubashina, ɗan goggona, shekara kusan ashirin tana hannuna. A wajenmu aro ba takarda gare shi ba, sungumi ke sabunta shi kowace shekara. Ruwan fari ya sauka ka shuka, gona taka ce har kaka. Ruwa ya sauka ba ka shuka ba, mai ita ya ba wanda zai shuka, kuma masu jira sun fi gonakin yawa. 'Ya'yana uku duk mata ne, suna gidajen mazansu a garuruwa uku. Gida sai tsohuwata, wato matata, da gwiwoyinta da ba su son tsuguno. Don haka kowace shekara, hadari na fara haɗuwa a gabas, ina cikin kar ɗin Maraɗi, babbar motar fasinja.

Ni da taubashin nan kuwa tun muna yara ba mu taɓa yi wa juna magana miƙaƙƙa ba. Bawana yake ce mani, ni ma haka nake ce mashi, har yau ba a yanke hukuncin wane ne ubangidan ba. Ranar da zan tafi rani na bakwai, ya tare ni wajen mai tsire, gaban mutane, ya ce mijin 'yarsa ba shi da inda zai shuka, bana in ruwa ya riga ni isowa gona ta tafi. Na amsa mashi da tafiyarsa, yadda yake jan ƙafar hagu yana gyara wando. Aka yi dariya, shi ma ya yi. Na hau moto na manta.

A ranin nan aka ba ni magana. Mai shirya wasan yaro ne sa'ar autata, Baba yake ce mani. Ya ce akwai tsohon manomi da ɗansa ke son guduwa birni, tsohon zai yi mashi faɗa a gona yana shuka. Layi goma sha ɗaya. Na karɓi takardar da hannu biyu. Na haddace ta da buhu a ka, na karanta wa albasa, na karanta wa masu sayen albasa, har mai shagon ya iya ta yana gyara mani.

Sai aka shiga ɗaga ranar ɗauka. Wannan mako kamara ta tafi biki. Mako na gaba wanda zai zama ɗana zazzaɓi ya kama shi. Na gaba kuma motar da za ta kai mu ta lalace. Ni kuwa kullum da safe in fito in dubi gabas, in ga ta fi jiya duhu. Na ce wa yaron lokacina na ƙarewa, ya ce Baba haƙuri, saura kaɗan. Bai gane ba, a asibitin birni aka haife shi.

Wata Talata da hantsi tsohuwata ta kira. Ba ta gaishe ni ba. Ta ce an yi ruwa, ta tona ƙasa har gwiwar hannu danshi ne, gari duka ya fita gona. Tana jira in ce ga ni nan. Danshin ruwan fari a rairayinmu kwana uku ne, in ka yi sa'a. Kuma a kwana ukun nan babu mai ara maka hannu, ko surukinka ne, kowa na bin nasa danshin kafin rana ta sha.

Na ruga wajen mai shirya wasan. Ya rantse Alhamis za a ɗauka, komai ya haɗu. Ya ce in tafiyar dole ce ba zai riƙe ni ba, akwai wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin buro, wato ofis, yana son gurbin. Na san dattijon. Hannunsa kamar na jariri. Na fito na zauna bakin titi na kira taubashina.

Yana gona, ina jin ƙarar sungumi. Na ce ya ba ni zuwa Asabar.

“Bawana ne? To ga shi an yi ruwa, sai ka fito daga cikin tele ka shuka.”

Na ce yau ba wasa nake yi ba. Na kira shi da sunansa na yanka, abin da ban taɓa yi ba. Ya buɗe muryar salula don na kusa da shi su ji. Na ce ya dubi zumunci, ya dubi goggo da ke kabari, gonar nan ita ce tuwon gidana. Na rantse. Ya ce ai ya ga yadda muke rantsuwa a wasa, ko kwabo ba ta ci mana. Daga nan muryata ta karye, na yi kuka bakin titin Yamai, masu moto na wucewa suna kallona. Ta cikin salula na ji mutane na dariya, wani na cewa a maimaita.

“Wallahi ka ƙware,” in ji taubashina. “Wannan kukan nawa suke biyan ka?”

Ya kashe.

Laraba da sassafe na je tasha da kayana. Na tsaya jikin kar ɗin har ya cika, ina lissafi. In na hau, zan shuka ranar Alhamis, dattijon buro ya ci layina goma sha ɗaya, in koma gawa har in zama ta gaske. In ban hau ba, ai taubashi ne, wasa yake yi, shekara ashirin yana barazanar nan. Na riƙe wannan tunanin saboda shi ne mai daɗi. Kar ya tashi, na koma kan albasa.

Alhamis aka kai mu wani fili bayan gari. Can ba a yi ruwa ba, sai da aka kwarara ruwa bido huɗu, manyan jarkoki, don ƙasar ta yi duhu. Yaron ya ce in watsa irin da hannu sama, zai yi kyau a kamara. Na ce wannan ciyar da kaji ne. Na karɓi sungumin na nuna masu: ka sara ka taka, ka sara ka taka, mai bin ka ya ɗiga iri da yatsu uku ya rufe da dunduniya. Suka tsaya suna kallo kamar na yi dabo. Sau bakwai aka ɗauka. Sau bakwai na dubi wani saurayi mai turare, ɗana na cikin wasa, na ce mashi wanda ya bar gona ranar ruwa kada ya dawo neman tuwo. A na bakwai yaron ya rungume ni, ya ce Baba ina ka ɓoye wannan duk shekarun nan.

Juma'a na wuni cikin kar. Daga Maraɗi zuwa Gazawa, hagu da dama, duk an shuke, layin dunduniya a miƙe har inda ido ya tsaya. Asabar da safe mai moto ya sauke ni bakin gona, ban ko bi ta gida ba.

An shuke ta kaf. Na bi sawun, na ga manya ne, na majiyi ƙarfi, taki dogo. Sai can gefen gabas, gindin gawo, na ga wasu layuka karkatattu, ramukan kusa da kusa, sawun ƙarami. A wasu wuraren ba dunduniya ce ta rufe ba, tafin hannu ne, ga shaidar gwiwa gefe. Na ƙirga, layi tara. Kwana biyu matata ta yi ita kaɗai, ita ce mai sara ita ce mai rufewa.

Ina tsugune nan taubashina ya iso yana jan ƙafarsa. Ba ya dariya. Ya ce ya gaya mani gaban shaidu, wajen mai tsire. Na ce na ɗauka wasa ne. Na ce ni ma na roƙe shi da hawaye. Ya ce shi ma ya ɗauka wasa ne, ya yi ta duban hanya ranar Laraba yana cewa yanzu ɗan iskan zai ɓullo yana kwaikwayonsa. Da bai gan ni ba, Alhamis da asuba ya ce wa surukinsa ya shiga. Sai da rana ta ɗaga suka hango matata can gefe tana rarrafe. Ya ce lokacin iri ya riga ya shiga ƙasa, kuma ya ba da baki gaban suruki.

Na ce to yanzu fa. Ya daɗe yana duban layukan nan.

“Inda hannunta ya tsaya, nan ce iyakarka,” ya ce. “Ba don kai ba.”

Ya ja wani reshen ƙaya ya kafa a ƙarshen na taran.

Na isa gida na iske matata kwance, gwiwoyin sun kumbura kamar ƙwarya, an ɗaure da tsumma. Na fara bayani, ta ce akwai fura a ɗaki. Damunar nan duka ba ta tayar da maganar ba, ni ma ban yi wa kowa kwaikwayo ba. Layi tara suka ba mu dami biyar. Na yi ƙodago a gonakin yaran da na ga haihuwarsu, suna ce mani Baba kada ka gaji.

Bayan kaka salula ta yi ƙara. Yaron ne, ya ce wasan ya fita, wani ya gani, yana neman tsoho mai magana. Na kwana biyu ina kewaya maganar kafin in faɗa mata. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Ta tambaya ko wannan karon ma an ba ni abin faɗi. Na ce layi huɗu, amma masu nauyi. Ta buga rariyar jikin ƙwarya, ta ce to kafin in tafi in sauko da sungumin daga saman rumbu, in jingine shi inda hannunta zai kai.