Gult ɗin Ato Tiruneh

Ato Tiruneh na ƙauyenmu a lardin Gojjam ya kai saba'in bai taɓa riƙe garma ba. In ka tambaya, sai ya ce shi mai gult ne. Gult kuwa kyauta ce da sarakunan da kan yi wa bardensu. Ba ƙasar ake ba shi ba, ƙasa tana hannun masu nomanta. Shi dai ya karɓi kaso da kaka, a kuma nome masa gandu kyauta. Kakan Tiruneh aka ba. Gwamnati ta soke abin tun Tiruneh na da baƙin gashi, amma kunnensa zaɓe yake yi.

Ɗansa ke noma 'yar gonar da ta rage musu. Bana ɗan ya tafi birni, ruwa ya sauka, kowa ya yi huɗa ban da Tiruneh. In lokacin shukar hatsinmu na tef ya wuce, ba gurasar injera a gidan sai baɗi.

Ran Lahadi ya tsaya a ƙofar coci, ya gyara mayafi, ya ɗaga wutsiyar korar ƙuda.

"Jama'a, Talata aikin gandun gult!"

Maƙwabcinsa Mengesha ya rusuna har ƙasa. "Ranka ya daɗe, wane sarkin ya aiko? Ai duk sun kwanta dama."

Talata ko kare bai leƙo ba.

Sai matar Tiruneh, Yeshiwork, ta tashi tsaye. Ta dafa giya, ta bi gida-gida tana kiran gayya. Da giyar ta nuna, sai ga shanu sun cika gona. Tiruneh ya hau dutse yana nuna musu iyaka da wutsiyarsa, kamar ba su san ta ba.

"Kin gani?" ya ce mata. "Sun makara, amma sun ji tsoro."

"Ƙanshin tuluna suka ji, maigida. Gayya ce, kuma gayya ramawa ake yi. Na ce musu kai za ka rama."

Shi ya sa aka gan shi a gonar Mengesha, wando a naɗe, yana tattake laka kafin a watsa iri, ƙafafu farare kamar ɓararren rogo.

"Sannu, jikan barde! Taka da ƙarfi, ba rawa muka ce ba!"

"Kai, Mengesha, ka ji tsoron Allah."

"Na ji. Saura gida shida."

Tef ɗinsa dai ya tsiro. Ko da aka shiga gida na uku, shi ke yi wa samari faɗa ba su iya taku ba.