Fiffiken da ban ƙwanƙwasa ba

Ba zan faɗi sunana ba, domin 'ya'yana suna makaranta yanzu. A Rusaifa aka haife ni, wata unguwa a Makka. Kakanmu ne ya zo aikin Hajji ta Sudan ya zauna, mu kuma muka tashi da Hausa a cikin gida, Larabci a waje. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, sai ƙanin mahaifiyata, Kawu Sale, ya riƙe ni. Yana da warsha, wato wurin sana'a, a unguwar Zahir inda ake aikin fiba: tankunan ruwa, rumfunan mota, da kayan ado irin waɗanda ake kafawa a shataletale. Nan na koyi sana'a, daga nan aka yi mini aure, kuma a lokacin ba wanda zai nuna ni da yatsa.

Kawu yana da wata al'ada. Ba abin da ke fita daga warsharsa sai ya ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa, ya kasa kunne. Fiba mai kauri sautinta a toshe yake, wadda aka rage wa shimfiɗa kuwa amo take yi kamar gwangwanin da ba komai ciki. Da ciwon gwiwa ya kama shi, sai ya daina zagayawa. Yana zaune a ofis, tambaya ɗaya yake mini: "Ka ƙwanƙwasa?" In na ce e, ya buga hatiminsa a takarda ba tare da ya duba ba.

Da tankin ruwa na fara. Shimfiɗar fiba biyar muke yi, ɗaya kan ɗaya, wata rana na yi huɗu, na sayar da rarar kayan a bayan idon Kawu. Mako guda gabana yana faɗuwa. Tankin bai fashe ba, sai gaban nawa ya daina faɗuwa. Daga huɗu na koma uku. Na sauya mota, na sauya abokai, har na fara yi wa masu aikin gaskiya kallon marasa wayo.

Ana haka wani kamfani mai gina wurin shaƙatawa a gefen gari ya zo mana. Jirgin yaƙi suke so, ba na gaske ba, na fiba mai girman na gaske, a ɗora shi bisa ginshiƙi jama'a su riƙa ɗaukar hoto a ƙarƙashinsa. Ya fi ƙarfin warsharmu, don haka aka ce mu nemo shi daga waje mu kafa. Sunan Kawu suka biyo, amma ni na riƙe aikin.

Masana'antar da na samo ta nuna mini iri biyu. A ido ba ka bambanta su: fenti ɗaya, hanci ɗaya, gilashin matuƙi ɗaya. Amma na farko yana da ƙashin ƙarfe a cikin fikafikai, da shafin da ke jure rana, don filin Allah aka yi shi. Na biyu ɓawo ne kawai, na ajiyewa a cikin zaure inda ba rana ba iska. Mutumin masana'antar sai da ya rubuto mini sau biyu cewa kada a kafa wannan a waje. Shi na saya, na karɓi kuɗin na farkon, na gyara takardar shaida da hannuna.

Ranar da kayan suka iso, Kawu ya ce zai zo ya gani. Na tara ma'aikata da wuri, muka haɗa jirgin muka ɗaga shi sama kafin azahar. Da ya iso yana dogara sanda, ya tsaya ƙarƙashin jirgin, ya miƙa hannu, bai kai ba.

"Kai, kun yi sauri," ya ce. "Ka ƙwanƙwasa fikafikan?"

"Na ƙwanƙwasa, Kawu. Komai tamam."

"Halas, shi ke nan, kawo takardar."

Wata bakwai ranar Makka tana gasa jirgin nan. Wata la'asar aka yi iska mai ƙarfi gabanin ruwa, fiffiken hagu ya karye daga tushe. Malam Haruna, wani dattijo Bahaushe mutumin Chadi da ke ba shukokin wurin ruwa, yana naɗe mesa a ƙarƙashi. A bayansa ya faɗo.

Da farko na ɗora wa masana'anta laifi, amma saƙonnin nan biyu suna cikin wayata. A gaban alƙali aka tambayi Kawu ko hatiminsa ne. Ya ce, "Nawa ne. Ban taɓa jirgin da hannuna ba, maganar ɗana na ɗauka." Bai ko kalle ni ba. Aka rufe warshar da ya yi shekara talatin yana ginawa, ni kuma aka ɗaure ni shekara uku. Ba ƙuncin ɗakin ne ya fi damuna ba. Kalmar nan "ɗana" ce ta riƙa hana ni cin abinci.

Da na fito, unguwar Shisha na fara zuwa, gidan Malam Haruna. Yana kan keken guragu. Ya saurare ni har na gama kuka, sannan ya ce, "Na yafe maka, ya ahi, ɗan'uwana, don ni ma ina son Allah Ya yafe mini. Amma kada ka sake zuwa, ganinka yana tayar wa iyalina hankali."

Kawu ma ya ce ya yafe, har ya sa aka kawo mini shayi. Na ji an ce tankin da ke saman gidansa yana yoyo, sai na roƙe shi ya bar ni in gyara. Na yi masa shimfiɗa shida, aikin da ban taɓa yin mai kyansa ba. Da na sauko na tsaya a gabansa ina jiran tambayar nan tasa. Bai yi ta ba. Ya ɗauki sandarsa, ya hau bene hawa uku da gwiwoyin nan, yana hutawa a kowace kwana, ina biye da shi. Ya zagaya tankin yana ƙwanƙwasawa, gefe bayan gefe, ya kasa kunne. Sannan ya ce, "Ya yi kyau," muka sauko.

Samari, na tuba, ina fatan Allah Ya karɓa. Yanzu ina aiki ƙarƙashin wani, ina cin halak ɗina. Abin da zan ce muku shi ne: ku ji tsoron shimfiɗar farko da za ku rage a inda ba mai gani, domin ranar da ba a kama ku ba, ranar kuka shiga uku. In kuma akwai wanda ke buga hatimi a kan maganar bakinku kawai, ku riƙe shi da kyau. Kawu yana raye, ina gaishe shi duk Juma'a, yana amsawa da fara'a. Shekara huɗu ke nan, bai sake tambayata ko na ƙwanƙwasa ba.