Zuwa Kudan Ɗauko Yaya Dije

Paki zuwa Ikara

Na bar Paki kafin assalatu, da sandata da ƙullin ƙuli-ƙuli a aljihu. Ba yawon buɗe ido ya fitar da ni ba. Mijin yayata ne ya rasu, Malam Sambo Mai-wuta, injiniyan lantarki da ya ƙare ƙarfinsa a gidan wuta na Zariya, ya koma Kudan ya tsufa har ya ga tattaɓa-kunne. Jibi Yaya Dije za ta fita takaba.

Shekara arba'in tana gidansa, Allah bai ba ta haihuwa ba. A wajenmu, macen da ba ta da ɗa a gida, ran da ta fita takaba danginta ke zuwa su ce a ba su 'yarsu. In 'ya'yan mijin suna sonta, su hana. In sun yi shiru, sai ta ɗauki kwanukanta ta bi 'yan'uwanta. Dangin namu kuwa duk ƙasa ta rufe, saura ni.

Na taka da ƙafa har Ikara. An ce mun samu mulkin kai, to hanyar Paki dai ba ta ji labari ba, ramukanta na nan yadda Nasara ya bar su. A bakin gari ɗan doka ya tare ni ya ce in nuna takardar haraji. Na miƙa masa, ya riƙe ta kai ƙasa yana gyaɗa kai. Ni da na tsaya a aji biyu na elementare na karɓi takardata na wuce. Na sha kokon kwabo a tasha, na jira mota.

Ikara zuwa Makarfi

Da hantsi muka samu wata akori-kura mai ɗauke da buhunan gyaɗa, sule biyu. Direban ya tambayi inda na nufa, da na ambaci gidan Mai-wuta sai ya ce in sauko daga kan buhu in zauna gaba. Wai wata shekara motarsa ta mutu a daji bayan Gubuci, tsohon ya zo wucewa a kan keke, ya tsaya ya bi wayoyinta ɗaya bayan ɗaya har ta tashi, ya ƙi karɓar ko goro.

Na ce masa ni surukina ne, kuma ban taɓa ganin mai girman kai irinsa ba. Mutum yana gaishe ka, hannun hagunsa na cikin aljihu kamar Joji, alƙalin Turawa.

Direba ya ce, "Kai kuwa, Malam, bakinka ba birki."

Mun wuce Gubuci dawa ta sunkuya ko'ina. Taya ta fashe sau ɗaya, muka yi azahar a gindin ɗorawa. Sai la'asar muka shiga Makarfi.

Makarfi

Na sauka gidan Alhaji Bawa mai injin niƙa, wanda nake sayar wa masara in ta yi albarka. Aka kawo tuwon dawa da miyar kuka, da mazarƙwaila don rage baki. Shi ma da ya ji inda za ni sai ya kama labarin marigayi. Shi ya kafa masa injin, shi ya koya masa jin ciwonsa da kunne. Kowace kaka yakan zo dubawa, jikoki a gaban keke da baya.

Na sake kawo maganar hannu a aljihu. Alhaji ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce ai dokar aikinsu ce: mai taɓa wayar lantarki da hannu ɗaya yake taɓawa, ɗayan yana aljihu, don in wuta ta kama shi kada ta ratsa ƙirjinsa. Abin ya bi jikinsa har ya zama ɗabi'a. Abokan aikinsa da suka raina dokar, in ji Alhaji, tun suna samari aka binne wasu, shi kuwa ya haura tamanin. Na ce na ji, amma ni ba waya ba ne da zai gaishe ni haka. Har gobe ina ganin akwai ɗan girman kai a ciki.

Makarfi zuwa Kudan

Da sassafe na bi ayarin masu jakuna da za su sari rake. Fadamun wajen nan sai wanda ya gani, rake ya fi mutum tsawo, hayaƙin masu dafa mazarƙwaila na tashi nan da can. Ni dai hankalina na kan Yaya Dije. Ita ta goye ni. In suka yi shiru suka bar ta ta fito, na rantse a raina sai na gaya musu maganar da ba za su manta ba.

Kudan

Gidan cike yake kamar ana suna. Mutumin da ya haska Zariya, fitilar kwano ce rataye a zaurensa, lantarki bai ko san hanyar garin ba. Washegari mata suka yi wa Yaya wanka, ta sa sabon zane, aka ƙunsa mata lalle, aka raba waina sadaka. Da na leƙa ɗakinta mu gaisa, na tarar ta riga ta ɗaure kwanukanta da tabarmarta a bayan ƙofa. Ba ta dube ni sosai ba. Ta tambayi gona, na ce lafiya.

Bayan azahar maza suka taru a zaure. Babban ɗan gidan, Lawal, mai aikin jirgin ƙasa, ya ce in ci abinci tukuna. Na ture kwanon.

Na ce, "Ban iya kwana-kwana ba. Aure ya ƙare, takaba ta ƙare. Ku ba ni yayata."

Zauren ya yi tsit. Shirun ya yi tsawo har na fara haɗa baƙar maganata. Sai Lawal ya tashi ya shiga ciki. Can muka ji ƙarar kwanuka, ashe ƙannensa mata ya sa su kwance kayan su mai da kowane inda yake. Ya dawo ya durƙusa gabana. Ya ce uwarsu ta rasu yana ɗan shekara goma sha biyu, su shida ta bari, Inna Dije ce ta tauna ta ba su. Ita ta aurar da su, ita ke yaye 'ya'yansu.

"Kawu, in tafiya da ita za ka yi, ka nemo motar da za ta kwashe mu duka. Ka san dai cinmu."

Aka fashe da dariya. Ni kuwa da gaske nake, don gidana tun rasuwar matata ba mai hura wuta. Na sake nema, suka sake hanawa. Wani tsoho abokin marigayi ya ce da Mai-wuta na nan da ya ce, mai zama da Tanko, wato ni, ai sai mai haƙurin jaki. Na ce ko yana da rai ma bai fi ni baki ba. Liman ya ce a tambayi mai abin. Aka aika, amsa ta dawo cewa lallenta bai bushe ba, ba ta iya tafiya.

Da yamma na shiga sallama. Tana zaune, jikoki sun hau ta ko'ina. Na ce ta sa na sha hanya a banza.

Ta ce, "Tanko, wata huɗu ina kwana da tunanin za su yi shiru. Da ba ka zo ka nema ba, wa za su hana?"

Sa'an nan ta tura mini kwanon da na ƙi ci a zaure. Na cinye shi tas.

Komawa gida

Lawal ya sa ni motar rake har Makarfi, da damin rake da zakara a kwando. Na sake kwana gidan Alhaji Bawa, washegari Ikara, na iso Paki rana na shirin faɗuwa. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Alhaji da direban gyaɗa. Malam Sambo kuma Allah ya haskaka kabarinsa, ya bar 'ya'ya na gari.

Maƙwabta suka taru a ƙofata suna tambaya ina Dije. Na ce an hana ni. An sha hana ni abubuwa a duniyar nan, amma ban taɓa faɗi ina dariya ba sai ranar.