Mutumin da Iya Ta Bari a Daji

Da za a tara masu sanin itatuwa tun daga Batsari har Safana a ce su fid da sarki, ni za a naɗa, kuma sai an ƙaro yadi a rawanin, don sunayen da ke cikin kaina sun kumbura shi. Ba a makaranta na samo ba. Aikin kakata ne, Iya Tasalla ta Karare, 'yar tsohuwar da turmi ya kusa fin ta tsawo, amma in ta daka tsawa jaki a guje sai ya ci birki.

Da kaka, in an gama tugar gyaɗa, dawa ta shiga rumbu, sanyi ya fara cizo, ana sallame isha'i sai mu jikoki mu cika ɗakinta kamar fara. Ta hura wuta da kara, ta binne gyaɗa a toka mai zafi. Ni ne kullum a bakin wutar, shi ya sa gashin ƙwaurina bai samu damar tsirowa ba sai bayan na yi aure.

"Maigidana," haka take tsokanata, "ja baya kada ka gasu, in rasa mai yi mini cefane."

"Wa zai auri mai haƙori uku?" in ji ni.

"Ƙirga da kyau, ɗan nema. Huɗu ne, ɗayan ya tafi hutu."

Sannan ta gyara zama don tatsuniya ta ce, "Ga ta nan tafe, ku ba ta wuri." Mu amsa, "Ta shigo, mun yi mata shimfiɗa."

Wai a zamanin da, itatuwa suna da doka: duk wanda ya wuce su sai ya gaida kowanne da sunansa. Sai wani mutum ya sayi jan takalmi a kasuwar Ruma. Don tsabar kyan takalmin, tun da ya kamo hanyar gida bai ɗauke ido daga ƙafarsa ba. Ya wuce tsamiya ko kallo, ya wuce kuka, ya wuce kanya. Itatuwa suka fusata, suka yi shawara, kowanne ya tuge saiwarsa ya sauya wurin tsayuwa. Na gabas ya koma yamma, na bakin rafi ya hau tudu. Hanya ta ɓace. Magariba ta rufa, kura ta fara gyaran murya, sai a lokacin Mai Jan Takalmi ya ɗaga kai ya shiga roƙo. Wani babban itace ya ce masa, "Kira sunana in koma wurina, ka ga guntun hanyarka. Ni ne mai tuɓe riga da damina, in sa ta da rani."

Nan Iya ta ja bakinta ta tsuke, ta shiga tonon gyaɗa.

Muka ruɗe da ihu, wannan ya ce kuka, wancan ya ce ɗorawa. Ta ɗaga hannu. "Ba da baki ake amsa mini ba. Gobe a kawo mini ganyen iccen nan a hannu. In ba a kawo ba, ina nan na bar shi a daji, kura ta cinye shi, alhakinsa na wuyanku."

Wallahi na kwana ina jin kurar nan a bayan danga. Gari na wayewa muka bazu cikin gonaki, kowa kansa a sama kamar mai neman wata. Ni na jawo reshe guda na tumfafiya, wai ko da ƙarfi a karɓa. Yayata Hanne ce ta tsaya ta lura: duk itatuwa sun fara kaɗe ganye, ɗaya ne ya yi kore shar, awaki sun taru a gindinsa. Gawo. Muka tsinko, ƙaya ta yi mini zane a hannu har gwiwa. Da dare Iya ta murza ganyen, ta shinshina, ta ce, "Gawo ya koma wurinsa." Mutumin ya yi 'yar tafiya, sai ga wani itacen da nasa kacici-kacicin: mai ganye a tsage kamar sawun raƙumi. Washegari muka sake fita farautar kalgo.

Haka ta ja mu har sanyi ya wuce, da aduwa da sabara da marke da faru. Ranar da Mai Jan Takalmi ya isa gida, takalmin ya cinye, ya shiga ƙafa a ƙasa yana gaisuwa hagu da dama, har turmin matarsa sai da ya durƙusa wa, don shi ma a da itace ne. Iya ta karkaɗe zane ta ce, "Ta tafi abinta, ta bar mana toka. Kowa ya nemi makwanci."

Yanzu ina Batsari da iyalina, Iya ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta. Dajin da muka yi wa sintiri kuwa 'yan bindiga sun raba mu da shi. Babu uwar da za ta bar ɗanta ya wuce gidajen ƙarshe. Na taɓa tambayar wani yaro sunan itacen ƙofar masallacinmu, ya dube ni ya ce, "Inuwa." Na kusa kai ƙarar ubansa.

Wannan ne ya dami ɗiyata Rukayya, wadda nake kira Uwata don sunan mahaifiyata ta ci. Ta karanci kwamfuta, sai ta ƙera wata manhaja ta waya. Ka saita kyamara a kan itace, sai ka ga itacen nan dai a fuskar wayar, amma da wani ƙadangare mai hula zaune a reshe yana gyaɗa kai, yana faɗa maka sunansa da amfaninsa. Ka duba itacen da idonka, babu ƙadangare. Ranar da ta gwada da yaran unguwa, suka yi cincirindo a kan wayar suna ƙyalƙyala dariya. Babu wanda ya ɗaga kai. Ɗaya ma da goshi ya gaisa da tsamiyar da ake yi masa bayaninta.

Ta dawo ta zube a tabarma. "Baba, goge shi zan yi. Na so in fito da su daga cikin waya, sai na ƙara cusa su."

"Uwata, kawo kunnenki in ba ki labarin Iya."

"Ka ba ni shi ya fi sau dubu. Bara ma cewa ka yi kai ne ka gano gawon, ba Gwaggo Hanne ba."

"Bara ƙwaƙwalwata ba ta da lafiya."

Na dai bayar, tana ta hamma. Da na iso inda Iya ta tsuke baki, sai ta miƙe zaune. "Tsaya, Baba. Ba ta faɗa muku sunan ba? Ko kun roƙa?"

"Ko za mu mutu."

Ta ɗauki kwamfutarta ta shige ɗaki, muka yi kwanaki ba ma ganin ta sai wurin tuwo. Da ta fito, ƙadangaren ya koyi rowa. Ya daina faɗin suna. Sai ya jefa wa yaro kacici-kacici ya ɓace, fuskar waya ta yi baƙi ƙirin, ba zai dawo ba sai an nemo itacen, an nuna wa kyamara ganyensa a tafin hannu. Ranar gwaji na biyu unguwarmu ta zama kasuwa. Yara a lunguna, kai a sama, ana murza ganye ana shinshinawa, ana musu kamar za a daku. Wata 'yar ƙarama ta zo da ganyen kalgo daga bayan makarantar allo, inda ni da rawanin sarautata nake wucewa kullum ban san akwai shi ba.

Marke da faru ne suka gagara, don babu su a cikin gari, suna can inda ba ma iya zuwa. Na ce ta cire su kada yara su wahala. Ta ce a'a, a bar su da tambayar.

Ina yaro na ɗauka gaida manya kawai Iya take koya mana. Sai yanzu na gane cewa abin da ba ka san sunansa ba, ko an sare shi, ko an ƙwace maka, ba za ka ji zafi ba, balle ka nemi a dawo maka da shi. Yaran nan ba su taɓa ganin marke ba, amma kullum sai sun tare ni a ƙofar gida: "Baba, yaushe za mu je?" Nakan ce su riƙe tambayar da kyau, kada su bari ta huce. Ranar da hanya ta buɗe, in Allah ya yarda, ni zan shige gaba da tumbina, su biyo ni, mu bi dajin nan itace bayan itace muna ba da haƙurin daɗewa.