Kujerar Da Nas Ta Jawo Min

Shekarun baya, lokacin ina zaune wurin ɗiyata a garin Upper Marlboro can ƙasar waje, yanar ido ta rufe min na dama, har karatun Alƙur'ani da ɗan rubutun ajamina suka fara gagarata. Aka sa min ranar aiki, irin wanda ake yi da safe a sallame ka kafin azahar.

Bayan an gama, likita ya zo ya yi ta bayani da Turancinsa mai gudu. Ni kuwa magani bai gama sakina ba, kome ya faɗa sai in gyaɗa kai. Ɗiyata ta karɓi takardu, muka fara haramar tafiya.

Sai ga wata nas, babbar mace, ta gaishe ni da Hausa tsantsa. Ashe 'yar Filato ce, Kirista, ta tashi cikin maƙwabta Musulmi.

Ta ce, "Baba, na ga kana ta gyaɗa kai kamar an ba ka amarya. In ka isa gida me za ka fara yi?"

Na ce, "Alwala mana, in yi azahar."

"To, gwada min."

Na kamfato iska da hannu biyu na kai fuska, sannan na fara sunkuyawa. Ta yi maza ta tare ni.

"Ka ga abin da nake tsoro. Takarda ta ce kada ruwa ya shiga idon, kada ka sunkuyar da kai, amma ba ta ambaci salla ba. In ka yi sujada yau, aikin nan zai iya lalacewa."

Raina ya sosu. Na ce, "'Yata, salla babu sujada?"

Ta ce, "Baba, hukuncin salla ku kuka sani. Ni ido na sani."

Ta jawo kujera ta ajiye a gabana. Sai dariya ta kama ni, domin ni da bakina na sha karantar da mutane sallar marar lafiya, yadda ake zama a yi nuni. Ban taɓa kawowa babin zai biyo ta kaina ba. Na zauna na gwada, tana duba iyakar inda kaina ke kaiwa. Ta sa ɗiyata ma ta gwada ɗiga magani har ta iya, sannan ta bar mu muka tafi.

Idon ya warke tas, alhamdu lillahi. Har yau in na tuna matar nan nakan jinjina mata. Duk abin da ta faɗa yana cikin takardar, amma ita ta tsaya ta tambayi yadda yinina yake tafiya, kuma ba ta tsoma baki inda ba huruminta ba.

Ranar da likita ya ba ni izinin sujada, na daɗe goshina na ƙasa. Cikin waɗanda na yi wa addu'a har da ita, ko sunanta ban riƙe ba.