Da Baya Na Shiga Funtuwa

Jama'a, yau da baya na shiga Funtuwa, kuma da surukina a cikin mota!

Kun san akwalar nan da na saya da araha bayan kakar auduga, wadda kullum tana wurin bakanike. Da safe na ɗauko surukin nawa, Baba Alhaji, daga Maska, zai hau jirgin ƙasa zuwa Zariya ganin likitan ido. Mun hango gari ke nan sai ƙarrr! Giya ta ƙi shiga. Na sa ribas, sai ta tafi sumul!

Ga jirgi can har ya fara kuka.

Baba ya ce, "Sani, lafiya?"

Na ce, "Baba, baya kawai take yi."

Ya ce, "To juya ta mana!"

Wasu manoma a bakin hanya suka taya ni muka juya ta. Na leƙo da kai ta taga, na taka mai. Mutanen kasuwa suka biyo mu da ihu, wani tsoho yana tambaya, "Shigowa kuke ko fita?"

Wallahi mun samu jirgin! Baba ya hau yana share hawayen dariya, ya leƙo ya ce, "Sani, ranar dawowata jaki za ka aiko mini."